Araha da Hakkin Ma'aikaci

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Abin da suke nufi shi ne, kayan da aka samu a kuɗi kaɗan ba ya jurewa, ba ya kuma fid da mai shi kunya ranar taro. Wannan gargaɗi ne ga mai saye don kada ya cuci kansa. Amma akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi, wadda ta dace mai bin Almasihu ya tsaya a kanta. In kaya ya yi araha ƙwarai, wa ya biya ragowar kuɗin? In kuwa wani ne ya biya da guminsa ko da aikinsa, mai saye yana da rabo a cikin alhakin?

A watan Nuwamba na 2022 labari iri biyu suka fito daga ƙasar Amurka, kusan a lokaci ɗaya. Ran 4 ga watan kamfanin Twitter ya sallami wajen rabin ma'aikatansa, waɗanda yawansu ya kai kimanin 7,500. Ran 9 ga watan kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami mutum 11,000. Kafin watan ya ƙare, Amazon, babban kantin intanet, shi ma ya fara rage mutane. Ran 25 ga wannan wata kuwa aka yi ranar ragin farashi da suke kira Baƙar Juma'a, wadda da ita ake buɗe sayayyar Kirsimeti. Jama'a suka yi ta ribibin kaya da murna, wasu kuwa suna zaune a gida suna lissafin kuɗin haya. Galibi akan karanta labaran nan biyu daban daban, alhali kuwa akwai igiya da ta haɗa su.

Yadda abin ya faru

Sa'ad da annobar korona ta rufe mutane a gidaje a 2020, ciniki da karatu da taro duk suka koma kan waya da kwamfuta. Kamfanonin fasaha suka ga kasuwa ta buɗe, suka shiga ɗaukar ma'aikata ba ji ba gani. Amazon yana da mutum kusan 800,000 a ƙarshen 2019, amma a ƙarshen 2021 sun kai miliyan 1 da dubu 600. A lokacin kuma bashi yana da sauƙi, gama babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa kusan har ƙasa. Masu dukiya suka riƙa zuba jari a kamfanonin da ba su taɓa cin riba ba, da begen za su ci gobe.

Annoba ta lafa, mutane suka koma kasuwanninsu, tsadar kaya kuma ta tashi. Daga watan Maris na 2022 bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa, har ya wuce kashi 5 cikin 100 a 2023. Masu jari suka daina haƙuri, suka ce riba suke so yanzu. Hanya mafi sauri ta nuna riba kuwa ita ce rage albashi. A watan Janairu na 2023 Google ya sallami mutum 12,000, Microsoft 10,000, na Amazon suka kai 18,000, ya kuma ƙara 9,000 a watan Maris. Meta ma ya ƙara 10,000. Abin bai tsaya nan ba. A 2025 Microsoft ya sake rage wajen 15,000, Amazon kuma 14,000 daga ma'aikatan ofis, a daidai lokacin da suke kashe kuɗi masu yawa wajen gina na'urorin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake sa zuciya za su yi aikin da mutane suke yi.

Lissafi ba ya kuka, amma bayan kowace lamba akwai gida. Da yawa sun sami labarin ta wasiƙar kwamfuta da asuba, ba wanda ya dube su ido da ido. Baƙi da suka je Amurka da takardar izinin aiki, yawancinsu mutanen Indiya, doka ta ba su kwana 60 su sami wani aiki ko su bar ƙasar, ko da ƴaƴansu suna tsakiyar shekarar makaranta. Guguwar ta iso Afirka ma. Twitter ya buɗe ofishinsa na farko a wannan nahiya a birnin Akara na ƙasar Gana, kwanaki kaɗan bayan ma'aikata sun shiga ginin aka sallami kusan dukansu, sai da suka yi fiye da shekara suna bin kuɗin sallamarsu kafin su samu.

Daga ina araha take fitowa?

Ba kowace araha ce ke da laifi ba. Akwai wadda take fitowa daga hikimar da Allah ya ba ɗan adam. Maƙerin da ya gano yadda zai ƙera fartanya goma a lokacin da dā yake ƙera biyar, yana iya rage kuɗi ba tare da ya cuci kowa ba. Haka wayar salula ta yi. Wayoyi irin su Tecno da Itel, na kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, sun sa manomi a karkarar Maraɗi ko Damagaram yana iya jin farashin gero a kasuwa mai nisa, ya kira malamin asibiti da dare, ya karɓi saƙon kuɗi daga ɗansa da ke ci-rani. Wannan alheri ne, wanda ya raina shi bai san wahalar dā ba.

Akwai araha ta biyu, wadda take kama da tsaba a bakin tarko. Kantunan intanet sukan yarda su sayar da kaya da hasara shekara da shekaru, suna cike gibin da kuɗin masu jari, don su janye masu saye daga ƙananan ƴan kasuwa. Muddin masu jari suna zuba kuɗi, kowa yana murna. Ranar da suka janye hannu, ma'aikaci ne yake fara ji a jikinsa. Jumia, wanda aka kafa a Legas a 2012, ya kawo al'adar Baƙar Juma'a a ƙasashen Afirka da dama. Ya rufe harkarsa a Kamaru a 2019, a ƙarshen 2022 kuma ya rage ma'aikata wajen 900, wato kashi ɗaya cikin biyar. Ragin da mai saye ya yi murna da shi bara, ashe bashi ne da aka rubuta a wuyan wani.

Araha ta uku ita ce wadda ake yanko ta daga naman ma'aikaci kai tsaye. A 2010 ma'aikata fiye da 10 suka kashe kansu a masana'antar Foxconn da ke Shenzhen, inda ake harhaɗa wayoyin manyan kamfanoni, har aka ɗaura raga kewaye da benaye. Ran 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rushe a ƙasar Bangaladash, ya kashe mutum 1,134, yawancinsu mata masu ɗinka tufafin da ake sayarwa da araha a Turai da Amurka. An ga tsagewa a bango tun jiya, duk da haka aka umarce su su koma bakin keke. Ma'adinin kobal da ake sa wa a batirin waya, wajen kashi 70 cikin 100 daga ƙasar Kwango yake fitowa, a 2016 kuma ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton yara da ke aiki a wuraren da ake haƙarsa da hannu. A Janairu 2023 mujallar Time ta bayyana cewa an ɗauki matasa a Nairobi suna karanta rubuce-rubuce na ƙazanta da ta'asa duk yini, don a tsabtace manhajar ChatGPT, ana biyansu abin da bai kai dalar Amurka 2 a awa ba.

A nan ne igiyar take zagayowa. Wanda aka sallama, ko wanda yake tsoron za a sallame shi, dole ya tsuke bakin aljihu. Sai ya nufi kanti mafi araha. Kanti mafi araha kuwa yana riƙe farashinsa ƙasa ne ta wurin matsa wa masu kawo masa kaya, su kuma su matsa wa ma'aikatansu. Talaka yana taka talaka ba da saninsa ba, kamar mutanen da suka faɗa rijiya ɗaya kowa yana neman kafaɗar da zai hau.

Hujjar masu kamfani

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya gefen. Mai kamfani zai ce shi ba gidan marayu ya buɗe ba. Manomi ma yakan ɗauki ƴan ƙwadago da damina, ya sallame su da kaka, ba wanda ya ce ya yi zunubi. In kwalekwale ya yi nauyi aka ƙi rage kaya, duka za a nutse. Zai ƙara da cewa ba a kori mutane hannu wofi ba. Google da Meta sun biya waɗanda suka sallama a Amurka albashin mako 16, da ƙarin mako 2 a kan kowace shekarar da mutum ya yi yana aiki. Ma'aikata miliyoyi a duniya ba su taɓa ganin irin wannan ba.

Akwai gaskiya a cikin maganar nan. Ba zunubi ba ne mai gida ya sallami ma'aikaci in ba shi da abin biyansa, riƙe mutum ba albashi ma ya fi muni. Sai dai a duba ko kwalekwalen yana nutsewa da gaske. Kamfanin da ya mallaki Google ya ci ribar wajen dalar Amurka biliyan 60 a 2022. Wata uku bayan ya sallami mutum 12,000, ya ware biliyan 70 don sayen hannun jarinsa, abin da ke ƙara wa masu jari dukiya. Darajar hannun jarin Meta ta kusa ninkawa sau uku a 2023. Wannan bai yi kama da mai gidan da rumbunsa ya ƙone ba. Ya fi kama da mai arzikin nan na misalin Yesu a Luka sura 12, wanda gonarsa ta yi albarka, bai kuwa yi shawara da kowa ba sai da ransa, a kan yadda zai faɗaɗa rumbuna.

Misalin manomi ma yana da iyaka. Ɗan ƙwadago ya san tun farko cewa aikinsa na damina ne. Waɗannan kuwa an kira su iyali ɗaya, an sa sun bar garuruwansu, sun ci bashin gida bisa ga alkawarin da fuskar kamfani ta nuna. Shugabannin da suka yi kuskuren ɗaukar mutane fiye da kima, wasunsu sun fito sun ce su ne da laifi, amma kujerarsu ba ta motsa ba. Laifin na babba, hukuncin na ƙarami.

Ba dole ba ne a yi haka. Sa'ad da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya shiga hasara, shugabansa Satoru Iwata ya rage rabin albashinsa a 2011, ya sake yin haka a 2014, sauran manya ma suka rage nasu. Ra'ayinsa shi ne mutanen da ke cikin fargabar kora ba za su iya ƙirƙiro abu mai kyau ba. Makiyayi na kirki shi yake fara shan rana kafin garke.

Abin da Maganar Allah ta koyar

Littafi Mai Tsarki bai san kwamfuta ba, amma ya san kasuwa, ya san mudu, ya kuma san zuciyar mutum. A Littafin Firistoci 19:13 an hana mai gida ya kwana da ladan ɗan ƙwadago. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ba da dalili: mutumin matalauci ne, ransa yana rataye a kan kuɗin nan, in ya kai ƙara ga Ubangiji za a lasafta wa mai gida zunubi. Dokar ba ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo ba. Yakubu, a sura 5 ta wasiƙarsa, ya kwatanta ladan da aka danne da abu mai murya, wanda ƙararsa take kaiwa har kunnen Allah.

Annabi Amos ya yi wa'azi a zamanin Sarki Yerobowam na biyu, lokacin da Isra'ila take cikin wadata. A sura 8 ya zana ƴan kasuwar da suka ƙosa ranar hutu ta wuce su koma ciniki, masu rage mudu, masu murɗe ma'auni, masu haɗa ƙaiƙayi a cikin hatsi, waɗanda darajar matalauci a wurinsu ba ta wuce ta takalmi ba. Zunubinsu shi ne sun mai da mutum kaya. Duk inda aka rubuta ma'aikaci a littafin lissafi a layi ɗaya da kuɗin wuta da na haya, aka kuma share shi da irin sanyin zuciyar da ake share su, maganar Amos ta iso wurin.

A Matiyu sura 20 Yesu ya ba da misalin mai garkar inabi da ya fita neman ma'aikata tun da asuba, ya yi ta komawa kasuwa har rana ta kusa faɗuwa. Waɗanda ya tarar a ƙarshe ba ragwaye ba ne, ba su sami mai ɗaukarsu ba ne. Da yamma ya ba kowa dinari ɗaya, wato abin da zai ciyar da gida yini guda. Misalin a kan alherin Allah yake, amma ya nuna yadda Allah yake duban marar aiki: yana auna bukatar gidansa, yana kuma komawa kasuwa saboda shi.

Wani zai ce, ai ma'aikacin Nairobi ko na Bangaladash da kansa ya yarda da ladan, ba wanda ya tilasta shi. Paparoma Leo na 13 ya amsa wannan tun 1891, a wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum. Ya koyar cewa yarda kaɗai ba ta mai da lada na adalci. In yunwa ko tsoro ne suka sa mutum ya karɓi abin da ba zai riƙe shi ba, an fi ƙarfinsa ne. Kowane Bahaushe ya san wannan, gama ya ga yadda ake sayen ragon talaka a shekarar fari.

Rabon mai saye

Yanzu sai a dawo kan tambayar farko. Matar da take da ƴaƴa biyar, da abin da bai kai kuɗin tiya biyu ba a bakin zanenta, in ta zagaya kasuwa tana neman inda ya fi sauƙi, ba ta yi laifi ba. Tattali ne, Littafin Karin Magana kuma ya yabi mace mai tattali. Ba daidai ba ne a ɗora wa talaka nauyin zunubin da manya suka ƙulla a wata nahiya. Shari'ar Musa ma ta keɓe wa matalauta hanyar samun abinci a sauƙaƙe, ta hana mai gona ya girbe har gefe, ta bar kala domin gwauruwa da baƙo. Da wannan kala Rut ta ciyar da surukarta a gonar Bo'aza. Abin lura shi ne, wannan sauƙi daga rabon mai gona aka cire shi, masu girbi kuwa an biya su ladansu cif.

Amma ba kowane mai neman araha ne talaka ba. Karin Magana 20:14 ta yi ba'a ga mai sayen da yake kushe kaya a gaban mai shi, in ya juya baya kuma ya shiga fariya da abin da ya samu. Ciniki halal ne. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita, kowa ya tafi da fara'a. Abin da ya ɓata shi shi ne mutum ya hangi matsuwar ɗan'uwansa ya mai da ita riba. Mai albashi da zai tsaya yana ja da tsohuwa mai sayar da kuka a kan dala biyu, alhali in ya shiga babban kanti yakan biya abin da aka rubuta bai ce uffan ba, ya kamata ya binciki zuciyarsa. Haka wanda ya ji an sallami maƙwabcinsa daga aiki, sai ya yi sauri ya taya babur ɗinsa rabin kuɗi.

Kakannin bangaskiya sun bar wani gurbi dabam. Da Saratu ta rasu, aka yi wa Ibrahim tayin kogon Makfela kyauta, amma ya auna shekel 400 na azurfa ya biya Efron a gaban shaidu. Arauna ya miƙa wa Sarki Dawuda masussukarsa da shanunsa kyauta, Dawuda ya ƙi, domin bai ga ya dace ya miƙa wa Allah hadayar da ba ta ci masa kome ba. Dukansu biyu suna da ikon karɓa, suka zaɓi biya.

Gaskiya ne mai sayen waya a Tawa ko Garwa bai san wanda ya haƙo kobal ɗinta ba, ba shi kuma da ikon gyara masana'antar Shenzhen. Alhaki yana tafiya ne daidai da sani da iko. Wanda aka ba shi da yawa, da yawa za a nema a gare shi. Saboda haka nauyi mafi girma yana kan masu kamfani da masu mulki da ke tsara dokar aiki. Duk da haka nisa ba ya share alhaki ɗungum, akwai abin da ya rage a hannun mai saye. Yana iya tambayar kansa ko bukata ce ta kai shi ko kuwa kalmar ragi ce ta ja shi, gama wanda ya sayi abin da ba ya bukata a rabin kuɗi bai adana kome ba, rabin nan ma ya zubar. Yana iya riƙe wayarsa shekara biyu ko uku a kan yadda ya saba, ya kai wa mai gyara a bakin kasuwa, wanda shi ma da ita yake ciyar da iyali. Yana iya biyan tela da magini da ɗan dako abin da ya dace, a ranar da ya dace. Waɗannan su ne ma'aikatan da Allah ya sa a gabansa, a kansu ne kuma za a fara tambayarsa.

Ga wanda aikinsa ya tafi

Rashin aiki yana cin aljihu, amma ya fi cin zuciya. Mutumin da ya saba a kira shi da sunan ofishinsa, in ofishin ya tafi sai ya ga kamar shi ma ya ƙare. Wasu sukan ɓoye wa matansu, wasu su daina zuwa sujada don kunyar faifan baiko. Injiniyoyin Amurka sun ɗauka iliminsu katanga ce da ba ta faɗuwa, iyaye da yawa a ƙasashen nan ma suna gaya wa ƴaƴansu cewa wanda ya iya kwamfuta ya rabu da talauci. Ilimi abu ne mai kyau, a neme shi da himma. Amma Yakubu, a sura 4, ya gargaɗi ƴan kasuwa masu tsara ribar shekara guda tun ba su san abin da gobe za ta kawo ba. Kamfani ba dutse ba ne, wanda ya kafa begensa a kansa ya yi gini a kan yashi.

Darajar mutum ta riga aikinsa. An halicce shi cikin kamannin Allah tun bai riƙe fartanya ba, an kuma fanshe shi da jinin Almasihu, farashin da ba a taɓa yi wa ragi ba. Takardar sallama ba ta iya taɓa wannan. Ayyukan Manzanni sura 18 ta ba da labarin Akila da matarsa Bilkisu, waɗanda umarnin Sarki Kalaudiyas ya kora daga Roma tare da sauran Yahudawa. Sun rasa wurin sana'arsu a dare ɗaya, ba don laifinsu ba. Suka sauka a Koranti, suka ci gaba da ɗinkin alfarwa, a nan Manzo Bulus ya same su ya zauna yana aiki tare da su. Daga baya gidansu ya zama wurin taron masu bi. Korar da ta zama musu masifa, Allah ya yi amfani da ita, ko da yake wannan bai wanke wanda ya kore su ba.

Aikin ikkilisiya

Addu'a wajibi ce, amma Yakubu ya tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai. Ikkilisiyar da ta san membobinta za ta san wanda aikinsa ya tsaya tun bai buɗe baki ba. Dattawa su ziyarce shi a asirce, kada a mai da shi abin sanarwa. Adashin zumuntar mata, da rumbun tsimi, da asusun taimako, duk suna iya riƙe gida wata biyu ko uku kafin ƙafa ta tsaya. Mai shago ya ɗauki ɗan wanda aka sallama ya koya masa sana'a. Wanda ya ji labarin gurbin aiki ya kai wa ɗan'uwansa. Matasa masu koyon kwamfuta a ƙarfafa su su haɗa da wata sana'ar hannu, kamar yadda Bulus, da dukan iliminsa, bai yar da allurarsa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wuyar faɗi. Ikkilisiya ma mai ɗaukar ma'aikata ce. Tana da mai gadi, da mai shara, da malaman makaranta, da ma'aikatan ɗakin magani, da masu bishara a ƙauyuka. In ana biyansu abin da bai kai ba, ko ana jinkirta albashinsu wata da watanni ana ce musu aikin Ubangiji ne, alhali ana tara kuɗin sabon gini, to, ikkilisiya ta sayi araha da gumin bayin Allah. Ba ta da bakin tsawata wa manyan kamfanonin duniya sai ta fara gyara littafin albashinta. Hukunci daga gidan Allah yake farawa.

Amsar tambayar ke nan. Neman sauƙi ba zunubi ba ne, ga matalauci ma jinƙai ne. Yana zama zunubi sa'ad da mutum ya sani, ko ya ƙi sani da gangan, cewa sauƙinsa daga hakkin wani aka yanko shi, yana kuwa da halin biya. Kowane kaya da ya iso hannu ya bi ta hannuwa da yawa, Allah kuma ya san sunan mai kowane hannu. Mai bi da ya tuna da wannan a bakin kasuwa zai yi ciniki da tsoron Allah, ya biya ma'aikacinsa kafin rana ta faɗi, ya kuma buɗe ƙofarsa ga ɗan'uwan da aka sallama. Ubangiji ya ba jama'arsa zuciyar yin haka.